JAWABIN DA AKA YI GABAN TARON ƘUNGIYA BISA ZANCEN KAI YARANMU KOYON AIKIN LIKITA



Ranka ya daɗe mai gari, Allah gafarta liman, iyayenmu maza da mata, yayyenmu da ƙannenmu da suka komo daga ci-rani, muna gaishe ku, muna kuma gode ma biron ƙungiya da ya ba mu izinin magana gaban manya. Mu malaman lakwal aikinmu allo da alli. Amma yaran da muke kira kowace safiya su ne ke fashin zuwa in zazzaɓin damina ya shigo, wasu kuwa ba su sake komowa aji. Shi ya sa muka ga zancen lafiya ya shafe mu.

Abin da muka kawo muku guda ne: ƙungiya ta zaɓi yara biyu na garin nan, mace da namiji, ta ɗauki nauyinsu su koyo aikin likita, su komo su yi shi gida.

ABIN DA IYAYENMU SUKA FARA

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun cikin shekarun 1960, nan ƙasar Maradi na cikin wuraren da aka fara kafa sekuris da matron na ƙauye. Gari ne ke taruwa ya zaɓi mutumensa, a kai shi gidan likita ya yi horo na ƴan kwanaki, ya komo da akwatin magani mai nibakin, da asfirin, da jan maganin miki, da maganin ciwon ido. Unguwarzoma kuwa aka koya mata wanke hannu da sabulu da yanke cibiya da sabuwar reza. Sai a 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka yarda cewa lafiyar talaka daga ƙauye ake fara tsaron ta. Ke nan iyayenmu sun riga taron.

Daga 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu, an gina ƙananan gidajen likita na ƙauye, waɗanda muke ce ma kaz, wajen 2000 cikin ƙasa. A 2006 aka yanke cewa yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a duba shi kyauta, mai ciki ta yi awo kyauta. Masu bincike sun lissafa: a 1998, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 226 ba su kai shekara 5, a 2009 sun sauko 128. Bango da rufin kwano ba su warkar da kowa. Mutumen da ke zaune cikin ɗakin, wanda ya san aikinsa, shi ya yi wannan aiki.

MATAKAN KARATUN

Domin kada mu haɗa su wuri guda, ga yadda suke.

Na fari, ma'aikacin kaz. Horonsa na wata 6 ne. Yana gwada jini ya gane zazzaɓin cizon sauro, yana ƙirga numfashin yaro ya gane ciwon haƙarƙari, yana ba mai zawo ruwan gishiri da sukari, yana auna damtsen yaro da zare mai launi uku: in ya faɗa ja, ƙasa da milimeta 115, tamowa ta yi tsanani, sai a tura shi gaba.

Na biyu, wanda ake kira ASB, wato ma'aikacin lafiya na tushe. Da birbe ake shiga, a yi shekara 3, wani lokaci cikin aji, wani lokaci istaj cikin asibiti. Yana koyon allura da ƙarin ruwa, da wankin miki, da awon ciki, da karɓar haihuwar da ba ta da gardama, da rigakafi, da tsaron rajista. Shi ne hannun daman manjo a CSI.

Na uku, anfirme da sajfam masu babban diplom. Sai da bak ake shiga, su ma shekara 3.

Na biyun muke nufi. Yaranmu masu birbe suna nan, kwalej ta yaye su, wasu na bisa kabu-kabu a Maradi, wasu sun bi mota zuwa Agadas. Lakwal ɗin gwamnati ta wannan aiki, ENSP, tana Yamai tana kuma Damagaram, kuma ta Damagaram ba ta da nisa da Tasawa, hanya guda ce ta kwalta. Ta Yamai sunan Damure Zika gare ta, wanda shi kansa anfirme ne. Akwai kuma lakwal-lakwal masu zaman kansu a Maradi.

DON ME ƊAN GARI?

Kun san yadda abin ke tafiya, daga Urafan har Korgom, daga Kanambakashe har Gidan Amumun. A turo ma'aikaci daga nesa, iyalinsa na birni, ranar da ya iso yake fara neman a maida shi. Ba mu ga laifinsa, kowa da gidansu. Amma naƙuda ba ta duba ranar aiki. In ta zo da dare, kaz a rufe, sai amalanke da rairayi har asibitin Tasawa ko na Mayahi, kuma wadda jini ya ɓalle mata bayan haihuwa awa biyu na iya isa ta rasa rai.

Ɗan gari gonarsa na nan, uwarsa na nan, an san ƙofar da za a buga. Ya san gidan da ake ɓoye yaro mai ƙyanda, ya san tsohuwar da in ta yarda da rigakafi duk unguwa ta yarda. Da ɗan gari akan ci gari.

Mun ce har da mace, kuma mun san akwai iyayen da zancen ya yi ma nauyi. To, mu tambayi kanmu: mu ne ke cewa ba mu son namiji ya duba matanmu, mu ne kuma ke fidda ɗiya daga kwalej kafin birbe. In haka ne, sajfam daga ina za ta fito? Aure ba ya hana wannan aiki. A yi magana da gidan mijin tun kafin a ɗaura, a shaida gaban liman cewa za ta ƙare karatunta.

ABUBUWA UKU DA ZA MU YI HATTARA DA SU

Na ɗaya, lakwal. Ba kowane gida mai allo bisa ƙofa ke da izinin gwamnati ba. Kafin mu biya ko dala, wakilanmu su tafi ofishin lafiya na jaha a Maradi, su tabbata lakwal ɗin na da takardar izini, kuma ɗalibanta na zama jarrabawar ƙasa. Diplom ɗin da gwamnati ba ta sani ba takardar ƙunshe ƙosai ce.

Na biyu, rabin karatu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yaron da ya yi shekara guda kuɗi suka yanke, ya komo da sirinji cikin aljihu ana ce masa likita, ya fi ciwon hatsari. Allurar kinin da aka soka ba daidai ba a ɗuwawu tana taɓa jijiya, ta bar yaro da jan ƙafa har tsufansa. Saboda haka in mun ɗauka, mu kai har ƙarshe. Kuma ma'aikacin kirki shi ne wanda ya san inda saninsa ya tsaya, ya rubuta takarda ya tura mara lafiya gaba tun da sauran ƙarfi.

Na uku, aiki. Diplom ba ya nufin albashi washegari. Da yawa na fara aikin sa kai ko na kwantaragi kafin gwamnati ta ɗauke su. Sai mu shirya tun yanzu: mu nemi magajin gari da babban likitan gunduma su san da yaranmu, mu kuma yi gayya mu nome musu gona har ranar da albashi ya zo.

ABIN DA MUKE ROƘO

Ƴan'uwa na Kano, da Legas, da Abijan, da Aljeriya, da Libiya, ku ne ake buga ma waya tsakar dare a ce a aiko kuɗin mota da na magani. Kuna aikowa, Allah ya saka muku. Sau da yawa kuɗin na isowa an riga an yi jana'iza. Ga ɗan lissafi irin na aji: in mutum 60 suka zuba jikka guda kowane wata, shekara ta ba da jikka 720. Manoma su kawo damin hatsi da kaka, don abincin yaran. Biro ya samo takardar kuɗin lakwal, a karanta ta gaban kowa, a ga abin da asusu ke iya ɗauka. In na yaro guda ne, mu fara da macen.

Zaɓen kuwa kada a bi gidan sarauta ko gidan mai kuɗi. A duba sakamakon birbe, a duba hali: mai haƙuri, mai riƙe sirri, wanda ba ya ƙyamar jini da miki, wanda ba ya ɗaga murya ga tsoho. Wanda aka zaɓa ya sa hannu tare da mahaifinsa, gaban mai gari, cewa zai nemi aiki nan ƙasarmu ya yi shekara 5 kafin ya duba wani wuri. Ma'aji kuma ya riƙa bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita cikin wannan jarida tamu.

Muna roƙon a yanke shawara kafin ƴan ci-rani su koma, domin a kai takardun yaran kan lokaci. Iyayenmu sun zaɓi sekuris ƙarƙashin iccen nan da muke zaune, ba su da ko mai birbe guda. Mu muna da su.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lami lafiya. Amin.