ƘAURAR 'YA'YAN SHAHON KIFI DAGA TURAI ZUWA AFIRKA



Maganar da muka zo da ita yau ta wani tsuntsu ce mai zuwa mana baƙunci da rani. Masana suna kiransa Pandion haliaetus, mu kuwa za mu kira shi shahon kifi, don ba shi da abinci sai kifi, yakan faɗa ruwa da ƙafafu ya sure shi. A arewacin Turai yake ƙyanƙyasa, amma idan sanyi ya gabato ruwa ya fara daskarewa, sai ya kamo hanyar Afirka, tafiyar wajen kilomita 5,000.

A da, zoben da ake sa wa tsuntsu a ƙafa shi ne kaɗai shaida, shi ma sai an kama tsuntsun ko an tsinci gawarsa. Daga 1999 masana a Biritaniya, irin su Roy Dennis, suka fara goya wa waɗannan tsuntsaye wata 'yar na'ura mai nauyin giram 30 ko kusa da haka, wadda take aika wa tauraron ɗan'adam labarin inda suke. To, gani ya kori ji.

Abu na farko da na'urar ta tabbatar shi ne, ɗan shahon kifi shi kaɗai yake tafiya. Uwa ita ke fara tashi cikin watan Agusta, ta bar uba yana kawo kifi. Ran nan sai ɗan ya miƙe ya fuskanci kudu, yana ɗan wata uku, ba jagora, ba abokin tafiya. Da sanin shiyyar da zai nufa aka ƙyanƙyashe shi, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma sanin shiyya daban, sanin hanya daban. Babba, idan iska ta kaɗa shi, yakan gyara ya komo kan turba. Ƙarami kuwa yakan bi iska duk inda ta kai shi.

Ga misali. A 2008 an sa wa 'ya'ya biyu na sheƙa ɗaya na'ura a Loch Garten ta ƙasar Sikotlan, aka raɗa musu suna Nethy da Deshar. Nethy ta ratsa ƙasashe har ta sauka Gini Bisau. Deshar kuwa ya bar gaɓar Ingila ya nausa cikin Tekun Atlantika, ya yi kwana huɗu yana shawagi ba reshen da zai sauka, ya ci fiye da kilomita 4,000, sannan ya faɗa ruwa. Masu bin sawunsa suna gani a taswira, ba su da ikon yin kome.

Wanda ya tsira daga teku, Sahara na jiransa, kwanaki da yawa ba kifi ko ɗaya. Idan ya fito ya sami kogi ko gaɓar teku, manyan da suka riga shi sukan kore shi daga wurare masu kifi, sai ya yi ta yawo kafin ya sami masauki. Ba ya komawa Turai da bazarar farko. Yawanci sai ya kusa shekara biyu. Daga nan, muddin yana raye, wannan masauki zai riƙa komowa kowace shekara.

Ina ruwanmu da wannan labari? Tsuntsayen Biritaniya sun fi sauka Sanagal da Gambiya, amma na Finlan da yawa sukan biyo ta gabas, su ratso Nijar da Nijeriya har Kamaru. Fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi suna cikin ruwan farko da tsuntsu zai tarar bayan hamada. Mun kuwa san Tafkin Cadi ya janye ƙwarai daga yadda yake a shekarun 1960, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja ma ta ragu tun da aka gina madatsun ruwa a saman kogin, kamar na Tiga a 1974.

A Sikotlan, harbi da kwasar ƙwai sun ƙarar da shahon kifi wajen 1916, bai sake yin sheƙa sosai ba sai 1954, aka yi ta gadinsa dare da rana. Duk wannan wahala banza ce idan ɗan ya ƙetare hamada ya tarar da busasshiyar fadama, ko ya sarƙafe cikin tsohon tarun da aka yar a bakin ruwa.

Jama'a, cikinku akwai waɗanda gobe za su riƙe ofisoshin ruwa, da na gona, da na gandun daji. Ran da aka kawo takardar rabon ruwan wani kogi teburinku, ku tambaya nawa za a sakar wa fadamun da ke ƙasa. Ruwan da ke ajiye kifin shaho shi ne ke ciyar da masunci, da manomin shinkafa, da makiyayi.