Jawabi Kan Allurar Kashe Zafi Bayan Aikin Ƙirji



Wani lokaci ciwon huhu yakan tara mugunya a ƙirji. Wani kuma hatsarin mota ne, ko sa ya soke shi da ƙaho. Irin waɗannan akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato don a yi masu aiki.

Bayan aikin, wurin yana zafi ƙwarai. Majinyaci sai ya ji tsoron jan numfashi da yin tari. Daga nan majina ta taru a huhu, zazzaɓi ya biyo baya.

Mutum yana da haƙarƙari 12 a kowane gefe. Ƙarƙashin kowanne akwai jijiyar da ke kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa. Likita yakan yi allura kusa da ita, sai wurin ya mutu na wasu awoyi. Majinyaci ya samu ya yi numfashi sosai, ya yi tari, majina ta fita. In ƙarfin maganin ya ƙare, ana iya sake yi.

Saboda haka kada kowa ya ɓoye zafi don kunya ko jarumta. Ya gaya wa nas ko likita. Mai jinya ma ya faɗa.

Amma a kiyaye. Wannan allura ba ta mai kemis ba ce. In ta kauce tana iya huda huhu. Sai ƙwararren likita a asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.