Ina Ruwan Kwatarmu Yake Zuwa?

Yau hirarmu a kan ruwan sama ce, amma ba wanda muke tara a baho ba. Ina nufin wanda yake fita ta rariyar gidanmu ya bi kwata ya tafi. Kin taɓa tambayar kanki ina yake zuwa?

Wata rana a farkon damina ruwa ya tsare ni a wajen tashar jirgin ƙasa ta Kano, na fake a wata rumfa ina kallon kwalbati. Wallahi ruwan da ya fara tahowa baƙi ƙirin ne, ga ledoji, ga robobi, ga baƙin mai yana sheƙi a sama. Sai da aka jima ana zubawa sannan ya ɗan washe. Dalili kuwa, duk dattin da ya taru a kan titi tun rani, ruwan farko ne yake kwashe shi.

To, da can abin bai kai haka ba. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Fagge zango ne na fatake, bayan ganuwa kuma mafi yawa gonaki ne da fili. Zuwan jirgi ya kawo Sabon Gari da kantuna, daga baya kuma masana'antun Bompai. Sannan kududdufai da yawa da suke riƙe ruwa an cike su an yi gini a kai. Kin ga ƙasa tana shan ruwa tana tace shi, amma kwalta da siminti da kwano ba sa sha. Saboda haka ruwan da a da yake nutsewa, yanzu gudu yake yi, yana ɗauke da duk abin da ya tarar. Mun ga yadda ambaliya ta shiga Kantin Kwari a 2022 ta lalata dukiya mai yawa.

Masana suna auna wannan datti, kuma hanyar ba ta da wuyar ganewa. Kamar miya ce: in kin san gishirin da ke cikin ludayi ɗaya, kin kuma san ludayi nawa ne a tukunya, ai kin san gishirin da aka zuba gaba ɗaya. Haka suke ɗebo ruwan kwata a kwalba su duba dattin da ke cikin lita ɗaya, sannan su lissafa lita nawa ta wuce. Ke nan gari yana ƙara cika da gini, ludayi yana ƙara gishiri, tukunya kuma tana ƙara girma.

Ina ruwan yake zuwa? Mafi yawan na Fagge da Sabon Gari rafin Jakara yake faɗawa, tare da na cikin birni da na mayanka. A gaba sai rafin Getsi ya haɗu da shi, ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su gangara zuwa dam ɗin Wasai a wajen Minjibir. A bakin wannan rafi masu lambu suke ban ruwan salak da alayyahu da kabeji. Binciken masana, har da na Jami'ar Bayero, ya samu dalma da sinadarin kuromiyam na jimar fata a ruwan. Ruwa dai ba ya tsami banza. Abin da ya fita ta rariyarki yana iya dawo miki a cikin kwandon cefane.

Za ki ce, ni da nake cikin gida ina ruwana da Bompai? Gaskiya ne, masana'antu da manyan magudanai aikin hukuma ne. Amma rariya taki ce.

Na farko, mu daina tura yara ko almajiri su juye shara a kwata in hadari ya haɗo, wai ruwa ya tafi da ita. Ba ɓacewa take yi ba, ƙofar maƙwabciya take toshewa.

Na biyu, kashin yara da ruwan fo a zuba a masai. Ta kwata amai da gudawa yake samun hanyar shiga rijiyoyi.

Na uku, matattun batiran rediyo da tocila da baƙin man janareta, kada su bi rariya. A tara su daban, nesa da yara.

Na huɗu, ruwan indararo na farko a bar shi ya zube, ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sannan a tara. Bakin rijiya a ɗaga shi a rufe, ruwan sha kuma a tafasa.

Na biyar, ganye a wanke shi sosai da ruwa mai tsafta da gishiri. Sai dai ki sani, wanki yana rage ƙwayoyin cuta ne, ba ya fitar da dalmar da ganye ya riga ya sha. Shi ya sa gyaran tun daga tushe ne.

Sannan a lallaɓa maigida cikin hikima, ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata su haɗu da maƙwabta su yashe kwatar layi, a kuma kwashe abin da aka yaso, kada a bar shi a gefe ruwa ya mayar.

A nan zan dakata. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa min kan yara. Na bar ku lafiya.