Ranar Sallama Daga Asibiti Ba Ita Ce Ranar Warkewa Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara



Da sakatare ya ce in yi magana a kan rashin lafiyata, sai da na yi jim, domin zance ne na bayan gida, wanda Bahaushe ba ya son ambata a bainar jama'a. Amma kunyar nan ce ta kusa kai ni kushewa, shi ya sa na amsa.

A daminar 2022 zazzaɓin taifod ya kama ni a ƙauyenmu da ke ƙasar Dambatta. Na ɗauka masassarar damina ce, na yi ta shan ƙwayoyin kemis. A mako na uku cikina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse. Ashe ƙwayar cutar ta huda ƙarshen ƙaramin hanji. A Kano aka yi mini aiki cikin dare, aka fito da bakin hanjin ta gefen dama na cikina, aka manna jaka tana karɓar ƙazanta. Wata huɗu na yi da jakar nan, sannan aka sake aiki aka haɗe hanjin aka mayar da shi ciki.

Ranar da na dawo gida aka yi ta barka, ana cewa ai an gama. Ni ma haka na zata. Ashe akwai sauran tafiya.

Dalili kuwa shi ne, babban hanji da tsokar dubura sun yi watanni ba su yi aiki ba, sun yi sanyi. Sai gudawa ta ce salamu alaikum. Akwai ranar da na ƙirga zuwa masai sau goma sha biyu. Idan abin ya taso ba ya jira, kuma kun san masan ƙauye yana can ƙuryar gida. Wata rana bai bari na kai ba. Na daina zuwa masallaci, na daina zama a dandali, in aka tambaye ni sai in ce da sauƙi. Sai da jiri ya kayar da ni a tsakar gida saboda ƙarewar ruwan jiki, sannan mai ɗakina ta ce wallahi ko ina so ko ba na so sai mun koma wurin likita.

Ga abin da na koya, ko Allah zai sa ya amfani wani.

Na farko, yawan fita da saurin matsuwa a makonnin farko abu ne da aka saba gani, kuma yakan ragu a hankali cikin makonni ko watanni. Abin tsoro shi ne bushewar jiki. A riƙa shan ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. In an sami na leda daga asibiti ya fi.

Na biyu, abinci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana. Ni tuwon shinkafa mai laushi, da kunu, da dankali, da ayaba suka karɓe ni. Wake, da yaji, da zogale, da rama, da gyaɗa, sai da na jinkirta su, na riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya ina lura.

Na uku, fatar dubura takan saluɓe. A yi tsarki da ruwan ɗumi, a tsane da ƙyalle mai laushi ba tare da gogewa ba, a shafa man basilin. A ajiye fo a ɗaki da dare. Ba abin kunya ba ne.

Na huɗu, inda aka rufe ramin jakar yakan yi ruwa ko mugunya. Ma'aikacin lafiya ne zai wanke shi, kada a barbaɗa masa garin magani na gida.

Na biyar, wannan na manoma ne irina. Akalla mako shida babu ɗaukar kaya mai nauyi. Buhun taki kilo 50 ne, garma da janyo guga kuwa duk da tsokar ciki ake yi. Wanda ya yi gaggawa, hanji na iya turo wurin ɗinkin ya zama ƙaba, a koma aiki na uku. Ni dawata tana tsaye a gona lokacin girbi, 'yan'uwa suka yi mini gayya.

Na shida, alamomin da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, kumburin ciki, amai mai kore, ko a daina fitar da iska da bayan gida. Wannan na iya nufin ɗinkin ya ɓalle ko hanji ya toshe. A nemi mota nan take, ko tsakar dare ne.

Game da sallah, malaminmu ya nuna mini cewa mai irin wannan lalura yana da sassauci a alwala, kuma yana iya sallah a zaune. Da na tambaya da wuri, da ban sha wannan damuwa ba.

Yau alhamdu lillahi ina cin abin da kowa yake ci, ina kuma noma gonata. Sai da na yi kusan wata biyar kafin in yi tafiya zuwa Kano ba tare da fargaba ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Roƙona ga ƙungiya shi ne, in ɗayanmu ya fito daga asibiti, kada mu tsaya a barkar rana ɗaya. Mu koma bayan mako biyu, mu keɓe da shi mu tambaye shi gaskiyar yadda yake ji. Mu kuma kula da ruwan shanmu, domin ta gurɓataccen ruwa da abinci taifod take shiga.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.