Rumbu a Kulle, Gara a Ciki: Me Fansho Yake Riƙe wa Ma'aikaci?

An ce in yi magana a kan tanadin ritaya, kuma na lura wasu sun zo da biro da takarda, kamar zan faɗi lambar wani asusu da za a je a kwasa. Ku yi haƙuri, ba ni da ita.

Shekarun baya na raka wani kawuna wajen tantance 'yan fansho. A cikin layin na hango malamin da ya koya mini lissafi a firamare, zaune a kan bulo, ya rungume fayil ɗinsa a ƙirji. Tun asuba yake wurin, kuma abin da aka kira shi ya yi shi ne ya nuna yana da rai. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce wata bakwai rabonsa da ganin kwabo. Tsohon tsari ke nan: ba a cire maka komai, gwamnati ta yi maka alkawari, idan lokacin biya ya zo sai a leƙa baitulmali a ga abin da ya rage. Kafin 2004 bashin 'yan fansho a ƙasar nan ya kai kusan naira tiriliyan 2. Ɓarnar da aka yi da kuɗin kuwa ba sai na tsaya a kanta ba. Kowa ya ji shari'ar Abdulrasheed Maina, wanda aka naɗa don ya gyara harkar, kotu kuma ta ɗaure shi shekara 8 a 2021.

A 2004 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin karo-karo, wanda aka kwaikwayo daga ƙasar Chile, aka kafa hukumar PenCom ta sa ido. Dokar 2014 ta ɗaga kason: ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ba da kashi 10, a zuba a asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin. Hikimar da ke ciki ita ce raba hannu. Kamfanin da ke juya kuɗin, wanda muke kira PFA, ba shi ne yake riƙe da su ba. Wani kamfani ne daban yake ajiya. Mai mabuɗi daban, mai awo daban. A ganina wannan ya yi aiki, kuma ya kamata a faɗa, don mun saba da kushe. A 2024 dukiyar da ke cikin tsarin ta haura naira tiriliyan 20, asusun ma'aikata kuma ya wuce miliyan 10.

To amma manomi ya san ba ɓarawo kaɗai ke cin rumbu ba. Kana iya sa kwaɗo, ka ɗaure kare a gindi, ka buɗe da bazara ka tarar gara ta mai da dawa gari. Garar fansho ita ce hauhawar farashi, kuma a nan nake so mu ɗan zauna.

Ɗauki wanda ya yi ritaya a farkon 2023, aka yanka masa naira dubu 100 a wata. A lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, fetur bai kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kafin 2024 ta ƙare dala ta kai wajen naira 1,500, fetur ya doshi dubu, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba. Dattijon nan ba a sace masa ko sisi ba. Alat yana shigowa a kan lokaci, dubu ɗarinsa cif. Sai dai idan ya je kasuwar Dawanau, ko ya tsaya gaban mai kemis da takardar maganin hawan jini, abin da yake ɗagowa ya ragu ƙwarai. Mafi yawan kuɗin fansho a takardun bashin gwamnatin tarayya ake zuba su, don nan ne ake ganin ba za su salwanta ba. Suna kawo riba, amma a shekarar da farashi ya fi ribar gudu, lambar da ke takardarka tana hawa, abin da za ta saya yana sauka. Mai albashi yana da ƙungiya, yana da yajin aiki. Da haka mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 a 2024. Ɗan fansho wane aiki zai daina? Sashe na 173 na kundin tsarin mulki ya ce a duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka duba albashi, amma iyayenmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin yadda ake cika wannan. Shi ya sa ban yi mamaki ba da tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja a 2025 suna neman a cire su daga tsarin, kamar yadda aka cire sojoji tun 2011.

Akwai kuma ɓarnar da ke faruwa tun kafin hatsi ya isa rumbu. Doka ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan an biya albashi. Wasu wuraren suna cirewa a takardar albashi, amma kuɗin ba ya tafiya ko'ina. Na san wadda ta yi shekara shida a wata makaranta mai zaman kanta ana cire mata, sai ranar da ta je neman bayanin asusunta ta tarar wata huɗu kacal aka taɓa zubawa. Ma'aikatan jihohi kuwa kowa da dokar jiharsa. Kano da Jigawa, alal misali, suna karɓar karo-karo amma a tukunya ɗaya ake tarawa, ba asusun kowa daban ba, don haka lafiyar tukunyar ta dogara ga wanda ke riƙe da ludayi. Mun ga yadda bashin garatuti ya taru a Kano har ya kai biliyoyin naira.

Wani zai ce shi damuwarsa kuɗin ruwa. Tun 2021 akwai wani asusu da ake kira asusu na shida, wanda ba ya mu'amala da ruwa, yana zuba kuɗi a irin su sukuk, kuma ma'aikaci yana da ikon neman a mai da shi can. Tun ƙarshen 2020 kuma kana iya sauya PFA sau ɗaya a shekara idan ba ka gamsu ba. Da yawanmu ba mu taɓa amfani da ko ɗaya ba, don ba mu taɓa buɗe saƙon da suke turo mana ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da aka damƙa wa mutum dunƙulen kuɗinsa na farko. Shekara 35 yana bayan tebur, bai taɓa sayar da ko ƙwai ɗaya ba, sai ya zuba rabin kuɗin a kiwon kaji dubu, ko ya sayi motar haya ya miƙa wa direban da bai sani ba. 'Yan'uwa kuma sun ji labari, ga bikin ɗiya, ga rufin ɗaki. Ba na hana kowa sana'a. Ina cewa a fara ta tun ana karɓar albashi, da kaji hamsin, da tumaki uku, ta yadda idan annoba ta kwashe su ƙarshen wata zai share hawaye. Asarar da ɗan shekara 45 zai yi dariyarta bayan wata shida, ita ce take kwantar da ɗan shekara 62.

Ga roƙona kafin a buɗe fagen tambayoyi. A cikin makon nan kowa ya nemi cikakken bayanin asusunsa, ya jera shi da takardun albashinsa wata bayan wata, ya ga ko akwai giɓi. Ya duba sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da na katin ɗan ƙasa, don harafi ɗaya yana iya riƙe kuɗin mutum watanni. Ya duba wa ya rubuta a matsayin magaji. Wasu har yau sunan mahaifin da ya rasu shekara goma da suka wuce ne a wurin. Masu iyali kuma, don Allah ku gaya wa matanku sunan kamfanin da kuɗin yake.

Shugaban taro, na ga Baba a layin gaba ya ɗaga hannu tun ina maganar sashe na 173. A ba shi makirufo.