Gasar Haɗa Gem: A Rubuta Doka Kafin a Busa Usur

Yau hirar tamu a kan gasar haɗa gem ce, wato irin gasar da ake tara matasa, a ba su taken da za su yi aiki a kai, a ce cikin kwana biyu ko uku kowa ya ƙirƙiro sabon wasan kwamfuta daga farko.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan, na taɓa halartar wata irin wannan gasa, ba zan kama suna ba. An ce ƙarfe shida na yamma za a rufe karɓar aiki. Yara suka kwana ba barci, wasu suka miƙa gem ɗinsu da guntun aiki don kada lokaci ya ƙure. Wata ƙungiya kuma sai bayan isha'i ta miƙa nata, aka karɓa shiru, saboda ɗaya daga cikinsu ya san mai shirya gasar. Su suka zo na ɗaya. Wallahi gem ɗinsu ya yi kyau, ban musa ba. Amma an ba su awannin da ba a ba kowa ba. Wani yaro ya ce mini shi da gasa har abada, kuma har yau maganar tana damuna.

To, bari mu ga yadda manyan gasannin duniya suke yi.

Akwai Ludum Dare, wadda aka fara tun 2002. Su suna da manyan rukunai guda biyu. Rukuni na farko awa 48 ne, kai kaɗai za ka yi, zane da sauti duk a cikin lokacin gasar za ka haɗa su, kuma dole ka fito da kod ɗinka kowa ya gani. Rukuni na biyu awa 72 ne, za ku iya yi a ƙungiya, kuma an sassauta dokar amfani da kayan da aka riga aka tanada. Kun ga hikimar? Mai aiki shi kaɗai da hannunsa, ba a haɗa shi awo da mutum biyar masu tsohon kaya.

Har maganar makara sun tanada. Bayan an rufe, akwai ƙarin awa ɗaya na ɗora aiki, kuma na kowa da kowa ne. Idan gem ɗinka ya ƙi buɗewa, an yarda ka gyara matsalar daga baya, ka bayyana abin da ka canza, amma ba a yarda ka ƙara sabon abu ba. Sannan waɗanda suka shiga gasar su ne suke ba wa juna maki.

Sai js13kGames, da wani ɗan ƙasar Poland mai suna Andrzej Mazur ya fara a 2012. Daga 13 ga Agusta zuwa 13 ga Satumba ake yi, kuma gem ɗinka gaba ɗaya kada ya wuce kilobayit 13. Wannan doka ina sonta, saboda ana iya aunawa. Ko ɗan mai gasar ne kai, idan fayil ɗinka ya wuce, ya wuce. Ba sani ba sabo.

Inda gizo ke saƙar yanzu shi ne ƙirƙirarriyar basira. GMTK Game Jam, wadda Mark Brown yake shiryawa a dandalin itch.io, ta hana amfani da ita wajen zane da sauti. To amma ta yaya za ka tabbatar? Girman fayil ana aunawa, amma zane fa? Wani zai yi maguɗi ya sha, wata kuma ta kwana tana zane da hannunta a ce mata inji ne ya yi. Shi ya sa kafin a kori mutum, a kira shi, a ce ya nuno matakan aikinsa. Korar marar laifi ma zalunci ne, daidai da ƙyale mai laifi.

Na san wani zai ce, malam, mu nan ana ɗauke wuta, data tana ƙarewa, intanet yana yankewa ana tsaka da ɗora aiki, ba za a yi mana uzuri ba? A yi mana mana! Amma a rubuta uzurin tun kafin a fara, ya shafi kowa. Idan sai wanda yake da lambar mai gasa ne zai samu sassauci, to alfarma aka yi.

Saboda haka masu shirya gasa, ga roƙona. Ku wallafa dokokinku kafin ranar farawa, kada ku canza su a tsakiya. Ku faɗi su wane ne alƙalai da abin da za su duba. Alƙalin da ƙaninsa ko ɗalibinsa yake cikin gasa ya janye daga ba shi maki. Wanda aka kora a gaya masa dalili, a ba shi damar kare kansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, tunda kun ɗauki nauyin gasa, ku ɗauki nauyin gaya wa abokinku cewa ya makara.

Mu ma masu shiga, laifi tudu ne. Wanda ya fara haɗa gem ɗinsa mako guda kafin gasa, ko ya tara abokai su zuba masa maki, bai da bakin zagin alƙali.

Nan za mu dasa aya. Idan kun taɓa shiga gasar da aka yi muku adalci, ko aka danne ku, ku ba mu labari, amma ban da kama suna. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.