Ubangida da Gayya: Masu Riƙe da Wasa a Ƙasar Kura da Bunkure



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne yadda wasannin jama'a suke rayuwa a karkara, watau wa yake ɗaukar nauyinsu. Na zaɓi ƙasar Kura da Bunkure domin a can noman rani ya sake wa manomi tsarin shekararsa, abin da ya taɓa shekarar manomi kuwa ya taɓa wasansa.

Tun asali kiɗa da wasa a ƙasar Hausa bisa ƙafa biyu suke tsaye. Ta farko ita ce ubangida. Ibrahim Narambaɗa, alal misali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Amadu. Sarki ke ba shi doki da riguna da hatsi, shi kuwa ya zauna da 'yan amshinsa ya tsara waƙa, ba ya fargabar abin da za a ci gobe. Ta biyu ita ce gayya, watau aikin sa kai, kuma ita ce ta riƙe kalankuwa a ƙauyukanmu. Da kaka ta yi, an kai amfani rumbu, sai samari da 'yan mata su haɗa kuɗi da hatsi, su aika wa maƙwabta goron gayyata, su ɗauko makaɗa. Sukan naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka, su yi ta kwaikwayon mulki da shari'a jama'a na kallo. Ba wanda ake biya lada sai makaɗi. Jarin wasan kaf shi ne hutun da manomi yake samu bayan girbi.

To, a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1976 kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwa ya bi magudanai ya ratsa Kadawa da Bunkure da Kura da Garun Malam. Alherin da ya kawo ba ya ɓoyuwa: shinkafa da alkama da tumatir da albasa, ga saurayin da a dā yakan tafi ci-rani ya sami abin yi a gida. Amma ku duba lissafin watannin. Ana gama yankan shinkafa wajen Nuwamba, sai gyaran fili da shukar alkama da dashen tumatir su taso, domin alkama da sanyin hunturu take yi, ba ta jiran kowa. Watau daidai lokacin kalankuwa shi ne ya zama lokacin da aiki ya fi tsananta. Ba noman rani kaɗai ya raunana wasan ba, akwai sukar malamai, akwai bidiyo da wayar hannu. Duk da haka gaskiyar magana ita ce kuɗi ya ƙaru a yankin, hutu ya ragu.

Kyautar ubangida kuma tana da tata illar. Attajirin shinkafa yakan yi wa mawaƙi liƙi ranar biki har a yi ta labari, amma mutum ɗaya ya ba, don a wasa shi. Ran da ya rasu, ko kasuwa ta juya masa baya, makaɗa sai su watse.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Ingila, a 1934, wani mai hali, John Christie, ya buɗe gidan wasa a gidan gonarsa na Glyndebourne, inda ake irin wasan kwaikwayon nan da ake rerawa da waƙa, wanda Turawa ke kira opera. Da aljihunsa ya fara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu nauyin ya fi ƙarfinsa, sai aka kafa ƙungiyar masu biyan kuɗin shekara da kwamitin amintattu. Ya rasu a 1962, amma har yau ana wasan kowace shekara. Mu ma nan Kano muna da misali. Marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya tsaya wa wasan kwaikwayo har aka sa wa wata ƙungiya sunansa. Ƙungiyar Tumbin Giwa kuwa, wadda masu sha'awar wasa suka haɗu suka kafa, ita ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga farkon finafinan bidiyo na Hausa daga kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ina da shawara uku. Ta farko, a sake wa wasan lokaci, a mai da shi bayan yankan alkama, kafin saukar damina, sa'ad da manomin rani yake ɗan numfasawa, a kuma yi shi da rana a gaban dattawa don a toshe ƙofar zargi. Ta biyu, kyauta ta koma asusu. Manoman da suka iya haɗuwa su yashe magudanar ruwa za su iya ware 'yan kwanonin shinkafa ranar girbi, attajiri ya ƙara nasa a kai, a sa ma'aji da magatakarda, a karanta wa jama'a lissafi kowace shekara. Ta uku ta shafe ku ne. Ma'aikatan ƙananan hukumomi da na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano su ba da fili, su sauƙaƙa rajista, amma kada su ƙwace ragamar, domin wasan da ya jingina da kasafin kuɗin gwamnati yakan tsaya ran da aka sake gwamnati. Ku ɗalibai kuma ku je Kura da Bunkure lokacin hutu, ku zauna da tsofaffin da suka yi sarautar samari da makaɗan gangar noma, ku ɗauki maganarsu ku rubuta, tun suna da rai.

 Allah ya sa mu dace.